Nazarin lamari: malama mai cutar lufus da karen gidansu a Maraɗi

Gidan da wannan bayani ya shafa yana unguwar Zariya a birnin Maraɗi, kuma na san shi ne ta hanyar aikina na jinya, domin ni nake zuwa auna wa matar gidan jini da duba fitsarinta a tsakanin ranakun ganin likita. Da yardar mutanen gidan na rubuta shi, na kuma cire sunayensu da sunayen wuraren da suka nemi magani. Matar malama ce a makarantar firamare, shekarunta 31 lokacin da aka gano ciwonta, tana da ƴaƴa biyu. Mijinta fataucin hatsi yake yi tsakanin Maraɗi da Jibiya, yana kuma kiwon jajayen awakin nan na Maraɗi a bayan gida, wanda saboda su ne ya ajiye kare na gadi. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune tare da su.

Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi shi ne, a cikin shekara guda aka gano malamar da karen suna ɗauke da cututtuka ƴan gida ɗaya, irin waɗanda garkuwar jiki ke juyawa ta far wa mai ita, aka ɗora su duka biyu a kan kortizon, maganin da ke danne garkuwar jiki, kuma kowannensu ya kusa rasa ransa sakamakon yadda aka sarrafa maganin bayan ciwon ya riga ya lafa.

Shekara biyu kafin a san sunan ciwon

Ciwon ya soma ne ƴan watanni bayan haihuwarta ta biyu. Masassara ce mai zuwa ta tafi, da gajiya wadda barci ba ya kawar da ita, da ciwon gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, waɗanda kan sandare da safe har ta kasa riƙe alli sai rana ta ɗaga. Duk lokacin da ta je awon jini, ɗayan biyu ake gaya mata: zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Ba na ganin laifin masu awon gaba ɗaya, domin a ƙasarmu babban mutum kan iya ɗauke da ƙwayar zazzaɓin sauro a jininsa alhali ba ita ke damunsa ba, shi kuma awon Widal da ake yawan dogara da shi wajen taifot yakan nuna alama ko ga wanda ba shi da cutar. Inda aka yi sake shi ne ba a samu wanda ya jera waɗannan zuwan a gabansa ya tambayi dalilin da mace ɗaya za ta sha maganin taifot sau biyar a shekara ba ta warke ba. Kowane zuwa sabuwar takarda ake buɗe mata.

A shekara ta biyu gashinta ya fara zuba, har kitso ya daina zama. Gyambo marar zafi ya fito mata a ganɗa, sannan wasu ƙuraje masu duhu suka shimfiɗu a kumatunta biyu suka haɗe ta karan hanci, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikansa. A littattafan likitanci ja ake kwatanta wannan tabo, saboda a jikin farar fata aka fi ɗaukar hotonsa, amma a fatarmu duhu yake yi ko ruwan toka, shi ya sa ake ɗaukarsa kyasfi ko ƙunar man bilicin. Tabon yakan tsananta a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ita kuwa a ƙasa take zuwa makaranta ta dawo da tsakar rana. A cikin wannan shekarar ta yi ɓarin ciki wata huɗu, aka ce wahala ce.

Wata abokiyar aikinta ce ta kawo mata ƙullin ƙwayoyi daga wajen masu tallar magani a faranti, wai maganin sanyin ƙashi, ba kwali ba suna. Kwana uku da fara sha ciwon gaɓoɓin ya ɗauke, masassara ta sauka, cin abinci ya dawo. Da na ga ragowar ƙullin daga baya, na gane ƙwayoyi biyu a ciki: deksametazon, wanda kortizon ne mai ƙarfin gaske, da diklofenak, maganin rage zafin ciwo. Na farkon ya danne ciwon na ɗan lokaci ya ɓoye alamunsa, ta riƙa sha idan ciwo ya motsa ta bari idan ya kwanta, na biyun kuma yana rage jinin da ke isa ƙoda, a daidai lokacin da cutar ta riga ta fara cin ƙodar a ɓoye. Wannan ƙulli ya jinkirta gano ciwon da watanni da dama, kuma ban ga laifinta ba da ta sha, domin shi kaɗai ne abin da ya taɓa ba ta sauƙi.

Gano cutar

A farkon 2023 ƙafafunta suka kumbura, fuska na tasawa da safe, fitsari yana kumfa kamar an zuba sabulu. Likitan cututtukan cikin jiki da ya duba ta a wannan karon ya zauna da ita kusan awa guda yana jin tarihin ciwon tun daga farkonsa. Ya tsoma ɗan tsinken awo a fitsarinta, wanda kuɗinsa bai kai na kabu-kabu ba, ya ga furotin mai yawa da alamar jini. Jininta ya hau, jajayen ƙwayoyin jini da farare duk sun yi ƙasa. Awon da ke neman makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa a kan ƙwayoyin halittar mai ita, wanda likitoci ke kira ANA, sai da aka aika jinin Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, sakamako ya dawo bayan kusan mako uku. Ya nuna alama ƙarara, haka ma awon da ya fi keɓanta da lufus, na makaman da ke kai hari ga DNA.

ANA shi kaɗai ba ya tabbatar da lufus, domin akan same shi a jinin wasu masu lafiya. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Turai da Amurka suka fitar a 2019 sun mai da shi ƙofar shiga ne kawai, sannan a haɗa da abin da aka gani a fata, da gaɓoɓi, da jini, da ƙoda. A wajen malamar duka huɗun sun hallara.

Lufus kalmar Latin ce mai nufin kyarkeci, saboda likitocin da suka ga tabon fuskar sun kamanta shi da cizonsa. Cikin masu cutar 10, kusan 9 mata ne, akasari tsakanin shekara 15 da 45, kuma ta fi yawa ta fi tsanani ga baƙar fata. Kusan rabin masu ita takan taɓa musu ƙoda. Gado yana da hannu a ciki, haka sinadaran jikin mace, shi kuma hasken rana yana tayar da ita saboda yana lalata ƙwayoyin fata, abin da ke cikinsu ya fito fili, garkuwar ta gan shi ta ɗauka baƙo ne. Yadda likitan ya bayyana wa mijin ya zauna mini a rai. Ya ce: “Malam, ka ɗauka maigadin gidanka ne ya ruɗe, ya daina bambance ɓarawo da ƴaƴan gida. Ba za mu kore shi ba, don in babu shi kowa ma sai ya shigo. Lallaɓa shi za mu yi, kuma lallaɓar ta tsawon rai ce.”

Karen

Tun cikin sanyin da ya gabata karen ya fara ɓawo a karan hanci, da kewayen idanu, da cikin kunnuwa, daga baya tafin ƙafafunsa suka yi kauri suka tsage har yana ɗingishi. Aka ce ƙazuwa ce, aka shafa masa baƙin man inji kamar yadda aka saba, abin da ba ya warkar da komai sai ƙone fata da sa wa dabba guba idan ta lasa. Aka yi masa allurar ibamektin, maganin ƙwaron ƙazuwa, sau biyu, shiru.

Da aka ce malamar na da ciwon da ke ɓata fuska, ga kare kuma a bayan gida da ɓatacciyar fuska, ba a daɗe ba magana ta zagaya unguwa cewa shi ya shafa mata. Inna ta kira ɗanta ta ce: “Ka fitar mini da karen nan daga gidan nan tun bai gama da mu ba. Ka dubi hancinsa, ka dubi fuskar ɗiyar mutane.” Wasu maƙwabta kuma suka ce sammu ne aka jefo, ya faɗa kan karen ya fallatso mata. Ba na raina wannan tunani, domin duk mai ido zai ga kamar, kuma akwai cututtukan fata da kare ke shafa wa mutum da gaske, irin su makero da ƙazuwa. Mijin ya tambaye ni, na ce ya kai karen wajen likitan dabbobi kafin ya yanke hukunci.

Likitan dabbobin ya kankare fatar ya duba a madubin awo bai ga ƙwaron ƙazuwa ba, bai ga alamar makero ba. Da ya fasa wani ƙurji ya shafa ruwansa a gilashi, sai ya ga ƙwayoyin fata sun rabu da juna suna yawo ɗai-ɗai a cikin fararen ƙwayoyin jini. Wannan ita ce alamar femfigus mai ɓawo, cutar da ta fi kowace yawa cikin cututtukan fata na tawayen garkuwar jiki a karnuka da kyanwoyi, ana kuma ganinta jefi-jefi a dawaki da awaki. A nan garkuwar tana kai hari ne ga sinadarin da ke manne ƙwayoyin saman fata da juna, su saki, ƙurji ya taso ya fashe ya bushe ya zama ɓawo. Ciwon karen a fata ya tsaya, na malamar kuwa ya kai ga jini da ƙoda. Babu ƙwayar cuta a ko ɗaya daga cikinsu, don haka babu abin da zai tashi daga jiki ya shiga wani jiki. Haɗuwarsu a gida ɗaya dacewa ce kawai.

Mijin ya bar karen. Dalilinsa na farko awakinsa ne, amma ya kuma ce da mahaifiyarsa dabbar da ta yi shekara huɗu tana kwana a waje don dukiyarsa ba zai jefar da ita ranar da ta kwanta ciwo ba, ya tuna mata hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Inna ba ta gamsu ba a lokacin, ta dai yi shiru.

Maganin malamar

Kafin a danne garkuwar jikin mutum a ƙasa irin tamu, wajibi ne a nemi abin da ke kwance yana jiran ta yi rauni. An ɗauki hoton ƙirjinta saboda tarin fuka, an auna ciwon hanta nau'in B wanda ya yawaita a Nijar kuma yakan farka da ƙarfi idan an sha waɗannan magunguna, an auna ƙanjamau, an ba ta maganin tsutsar ciki. Duk suka fito lafiya.

Daidai shi ne a ciro ɗan tsokar ƙoda da allura a duba irin ɓarnar da aka yi kafin a zaɓi magani, amma hakan bai samu ba, sai likitan ya yi aiki da abin da fitsari da jini suka nuna. Nauyinta kilo 60 ne. Ya fara ta da firednizon, wani nau'in kortizon, miligiram 40 kowace safiya, da sharaɗin za a riƙa ragewa mataki-mataki. Ya ƙara da idroksiklorokin, wanda aka fi sani da Plaquenil, a kan ma'aunin da bai wuce miligiram 5 ga kowane kilo ba a rana, wato ƙwaya biyu yau, ƙwaya ɗaya gobe. Don ƙodar kuma ya zaɓi siklofosfamid, mai danne garkuwar jiki, ta ƙarin ruwa, miligiram 500 duk mako biyu har sau shida, tsarin da likitocin Turai suka gwada suka ga yana aiki da ƙarancin illa, daga nan aka koma azatiyofirin na sha, shi ma mai danne garkuwar. Akwai mikofenolat da ake yawan amfani da shi a wasu ƙasashe, sai dai tsadarsa da wuyar samunsa a Maraɗi sun sa ya ga kada a fara abin da ba za a iya ɗorewa a kai ba, kuma a ganina wannan shi ne hukunci mafi hikima da aka yanke a dukan jinyar. An haɗa mata da enalafiril don hawan jini da rage zubar furotin, da kalsiyam da bitamin D don kare ƙashi.

Plaquenil ya jawo gardama a gidan, domin mijin ya ce ai wannan ɗan'uwan kulorokin ne da aka daina bayarwa, kada a sake mayar da su kan maganin sauro. Gaskiya ne daga maganin zazzaɓin sauro ya samo asali, kuma tun 1955 ake amfani da shi, amma a lufus shi ne ginshiƙi: yana rage yawan tashin ciwon, yana kare ƙoda, yana rage daskarewar jini, ana kuma ci gaba da shansa ko da ciki. Aikinsa a hankali yake, sai an yi wata biyu ko uku kafin a ga amfaninsa, shi ya sa mutane ke saurin raina shi. Illarsa da ake tsoro tana ga tantanin gani na bayan ido, don haka akan duba ido a farko, sannan kowace shekara bayan an cika shekara biyar ana sha. Na kuma nanata musu cewa ba ya hana zazzaɓin sauro na yanzu, wanda ya daɗe da fin ƙarfin kulorokin, saboda haka gidan sauro yana nan daram.

Siklofosfamid da enalafiril duka suna cutar da ɗan tayi, dole ta ɗauki matakin tazarar haihuwa, aka sa mata ashana a hannu maimakon ƙwayoyin da ke ɗauke da istirojin, waɗanda kan ƙara haɗarin daskarewar jini ga masu irin ciwonta. Azumin 2023 ya faɗo a ƙarshen Maris, tana tsakiyar ƙarin ruwan, maganin kuma yana bukatar shan ruwa da yawa don kada ya ƙone mafitsara. Ta yi kuka da aka ce ta ajiye azumi. Malamin unguwarsu ne ya kwantar mata da hankali da ayar da ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki.

Nauyin kuɗin bai zama ƙarami ba. Tsarin magani kyauta da Nijar ta shigo da shi a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da tiyatar haihuwa, da tazarar haihuwa, bai haɗa da babban mutum mai ciwon da ba ya ƙarewa ba. A watannin farko magani da awo sun riƙa cinye fiye da rabin albashinta.

Kuskure na farko, a jikin karen

Karen kilo 20 ne, amma likitan dabbobi ya rubuta masa firednizolon, ɗan'uwan firednizon, miligiram 40 a rana, daidai da abin da uwar gidansa mai kilo 60 ke sha, domin femfigus a kare yana bukatar kusan miligiram 2 ga kowane kilo kafin ya lafa. Mijin ya yi mamakin wannan, ni kuma na yi amfani da shi na nuna masa cewa ba a auna maganin dabba da na mutum, ko da sunan ƙwayar ɗaya ne. Cikin mako uku ɓawon ya fara zuba, sabuwar fata ta fito. Karen ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi, yana yawan fitsari da haki da cin abinci, waɗanda duk sanannun illolin kortizon ne a kare.

Wata rana ƙanen mijin ya ga karen na ɗingishi, sai ya ɗauko ragowar diklofenak ɗin da aka hana malamar, ya tura masa a cikin tuwo kwana uku a jere. Da niyyar alheri ya yi. A rana ta huɗu karen ya yi amai da jini, kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta, dasashinsa ya yi fari fat. Diklofenak da ibufurofen guba ne ga kare ko su kaɗai, idan kuma suka haɗu da kortizon sai su huda bangon ciki. Da ƙarin ruwa da maganin kare ciki aka ceto shi. Likitan dabbobin ya gargaɗe su a ranar cewa farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, kuma azatiyofirin ɗin malamar, wanda akan ba kare a wasu lokuta, yana lalata ɓargon kyanwa. Tun daga nan aka raba magungunan gidan, na malamar a ɗakinta cikin kwano mai murfi, na karen a rataye a zaure.

Kuskure na biyu, a jikin malamar

Zuwa watan Yuli kumburi ya tafi, furotin ya ragu ƙwarai, gashi ya fara tsirowa, firednizon ya sauko zuwa miligiram 10. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya zo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya. Fataucin mijin ta hanyar Ɗan Isa ya tsaya cik, magunguna da dama suka yi wuya a kantuna, Plaquenil ɗinta ya ƙare a ƙarshen Agusta ba a samu wani ba.

Shi firednizon bai yanke ba, ita ce ta ajiye shi da kanta. Kortizon ya kumbura mata fuska ya tara mata kitse a wuya da ciki, har abokan aiki na yi mata barka da juna biyu, ga ta kuma tana jin ƙarfi a jikinta kamar ta warke. Inna, wadda ke ganin tulin ƙwayoyin nan na cinye dukiyar ɗanta a lokacin da babu shiga, ta kawo mata sassaƙe daga ƙauye ta ce: “Ɗiyata, ciwo ya tafi, me ya rage kuma? Ki huta da ƙwayoyin nan haka, ki sha wannan ya wanke miki ciki.” Ta daina shan firednizon ɗin kwatsam, ba ta gaya wa kowa ba.

A nan akwai nawa laifin, kuma ina faɗarsa ne don masu aiki irin nawa. Na sha gaya mata kada ta daina magani, amma ban taɓa zama na bayyana mata dalilin da ya sa wannan ƙwayar ta bambanta da sauran ba. A kan kowace ƙoda akwai wata ƴar halitta da ke samar wa jiki nasa kortizon, wanda ke riƙe bugun jini da sukari da gishirin jiki, musamman lokacin rashin lafiya. Idan mutum ya sha kortizon na waje fiye da mako uku, waɗannan halittu sukan rage aiki, idan ya kai watanni sai su yi barci, kuma ba sa farkawa dare ɗaya. Ita ta yi wata bakwai tana sha. Da na faɗa mata haka da Hausa tun farko, ina kyautata zaton da ba ta ajiye shi ba.

Kwana tara bayan ta daina, a tsakiyar Satumba lokacin da sauro ya fi yawa, zazzaɓi ya kama ta, na gaske a wannan karon. Jikin da ba shi da kortizon ko kaɗan bai iya ɗaukar nauyin ba. Ta yi ta amai, ciki na murɗawa, ta kasa tsayuwa, aka kai ta asibiti a adaidaita jininta ya faɗi ƙasa ƙwarai, tana magana ba kan gado. Mijin ne ya ceci lamarin da ya tafi da kwanon magungunan, ma'aikacin da ke aiki a daren ya ƙirga ƙwayoyin firednizon ya ga ba a taɓa su ba, nan take ya yi mata allurar idrokortizon ta jijiya tare da ƙarin ruwa da maganin zazzaɓin. Kafin asuba ta dawo hayyacinta. Bayan mako biyu lufus ɗin kansa ya tashi, furotin ya dawo fitsari, dole aka mayar da firednizon sama, aikin wata shida ya koma baya.

Tun 1948, lokacin da likita Philip Hench ya fara ba wata mai ciwon gaɓoɓi kortizon a asibitin Mayo na Amurka ta tashi ta yi tafiya cikin kwanaki, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1950, likitoci suka san fuska biyu na wannan magani. Yana kashe wutar ciwo da sauri fiye da kowane, amma yawansa na kawo ciwon sukari, hawan jini, raunin ƙashi, yanar ido da saurin kamuwa da cuta. Shi ya sa burin yau shi ne a sauko da shi zuwa miligiram 5 a rana ko ƙasa da haka, a bar Plaquenil da azatiyofirin su riƙe ciwon. A garinmu kuwa, inda ake sayen deksametazon a faranti don ƙiba ko ciwon baya, mutane da yawa na hawa wannan magani su sauka ba tare da sun san sun hau ba.

Abin da aka canja bayan haka

Inna ce ta fi kowa girgiza, domin ita ta kwana da malamar a asibiti. Da suka dawo gida ta kira ni ta ce: “Ɗana, nuna mini wadda ba a bari.” Na nuna mata ƴar farar ƙwayar. Tun daga ranar ita ke tambaya bayan sallar asuba ko an sha, kuma ta daina maganar korar karen, don ta ga da idonta cewa shi ma da aka taɓa yi masa fashin mako guda ɓawon hancinsa ya dawo.

An rubuta wa malamar kati da Faransanci da Hausa mai cewa tana shan kortizon, kada a yanke mata shi, a ƙara mata idan ta kwanta rashin lafiya mai tsanani ko za a yi mata tiyata, tana yawo da shi a jaka. An buɗe littafi ɗaya da ake rubuta kowane awo da kowane canjin magani, wanda take kaiwa duk inda za ta ga likita. Wani ɗan'uwan mijin da ke Yamai ya ɗauki nauyin sayo Plaquenil yana aikowa a motar haya, da ƙa'idar cewa ba a bari ajiya ta gaza ta wata biyu. Duk masassara, a ranar ake awo, ba a jira. Tana fita da lema da hijabi mai kauri, ta kuma samu shugaban makarantarsu ya ɗauke mata tsaron yara a fili da rana. Gishiri da dunƙulen miya an rage su a tukunyar gidan gaba ɗaya, don kada a ware ta. Awon jini saboda azatiyofirin, wanda kan rage fararen ƙwayoyin jini ya taɓa hanta, ana yinsa duk wata uku, ni kuma ina duba fitsari da hawan jini kowane wata.

A lokacin da nake wannan rubutu tana kan firednizon miligiram 5, fitsarinta ya yi wata takwas babu furotin sai ɗan burbushi, ta koma aji cikakke. Tana son haihuwa ta uku, likitan bai hana ba, ya dai gindaya sharuɗɗa: ciwon ya cika aƙalla wata shida a kwance, a sauya enalafiril da wani maganin hawan jini kafin a cire ashanar, a ci gaba da Plaquenil da azatiyofirin har ta haihu, a ƙara da ƙaramin asfirin. Saboda ɓarin da ta taɓa yi, an aika jininta a nemi makaman da ke daskarar da jini a mabiyiya, awon da sai an maimaita shi bayan mako 12 kafin a tabbatar, kuma sakamako na biyun ake jira yanzu. Karen yana shan miligiram 10 rana bisa rana, gashi bai sake fitowa a karan hancinsa ba, an kafa masa rumfar zana kusa da turken awaki don kada rana ta riƙa dukan wurin.